Mu San Ƙasarmu: Magangarar Ruwan Timia

Ya kai mai karatu, in kana zaune a Dannet, ko Arlit, ko Akokan, ba sai an gaya maka darajar ruwa ba. Ka san shi a rijiya, ka san shi a famfo, ka san shi a salka rataye a cikin jaki. To, amma ka taɓa ganin ruwa yana faɗowa daga bisa dutse don kansa, ba guga ba igiya, a cikin wannan jiha tamu ta Agadas? Akwai inda ake ganin haka. Wurin yana cikin duwatsun Abzin da ke gabas da kai, kusa da wani gari wai shi Timia.

Hanyar da ake takawa daga garin zuwa bakin ruwan gajeruwa ce, tsoho ma yana iya yin ta da sandarsa. Amma tarihinta yana da tsawo. Shi ne za mu ba ka a yau, don ka san abin da ya riƙe mutanen wannan ƙasa tun kafin a haƙa ramin farko a Arlit, ka kuma yi tunanin abin da zai riƙe su in an rufe na ƙarshe.

Ina ne Timia?

Duwatsun da Hausawa ke kira Abzin ko Azbin, masu su suna ce musu Ayar. Can ne dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar yake, wato Idukal-n-Tagas na Bagzan, mai mita 2,022. Timia tana tsakiyar duwatsun, kimanin kilomita 220 arewa maso gabas da Agadas. A da tana ƙarƙashin gundumar Arlit, kamar Dannet. A shekarar 2011 aka yi gundumar Iferwan, aka haɗa ta da can.

Hanya biyu ake bi. Wanda ya taso daga Agadas yakan bi ta Elmiki. Wanda ya taso daga Arlit yakan yi gabas ta Gugaram zuwa Iferwan, sa'an nan ya yi kudu, ya wuce kufan tsohon birnin Asode. Duka biyun babu kwalta. Duwatsu ne da rairayi, mota tana tafe kamar mai ciwon ƙafa. Sai ka gaji da ganin baƙin dutse, ka fid da rai da ganin ɗanyen ganye, sa'an nan kwatsam ka ga kan itatuwan dabino sun bayyana a cikin kwari. To, ka iso.

Mu taka zuwa bakin ruwan

Magangarar tana ƴan kilomitoci kaɗan daga gari, tafiyar kamar awa guda a ƙafa. Mota tana iya kai ka kusa, amma wanda ya shiga mota ya yi asarar rabin abin da ya zo gani. Ka fita da sassafe, tun rana ba ta hau bisa duwatsu ba.

Cikin ƙorama za ka bi. In ba damina ba ce, rairayi ne fari fat, ba ɗigon ruwa a samansa. Amma dubi gefenka. Ga garake jere, an kewaye su da shinge. Ga dabino, ga lemu, ga rumman, ga ɓaure. In lokacin ɗari ne, ga alkama, ga albasa, ga tafarnuwa. Za ka ji kukan injin ban ruwa. In ka yi sa'a kuma za ka ga irin rijiyar da, wadda raƙumi ko sa ke ja: dabbar ta yi gaba, wasaki ya hau, ya juye ruwa a kwararo, yaro ya juyo da ita, wasaki ya koma. Abzinawa suna kiran wannan dabara takarkart.

Da ka wuce garaken sai itatuwan jeji su karɓe ka, gawo da goriba da aduwa da tumfafiya. Duwatsu su yi ta matsowa. Daga nan sai ka ga ruwan yana saukowa hawa-hawa ta tsagin dutse, yana zuba cikin wani tafki mai sanyi. Irin wannan tafki na cikin dutse shi ake kira agalmam da Tamajak. Magangarar ruwa kuwa, tsofaffin Hausawa matsirga suke ce mata.

Kada ka sa ran ganin wani ƙaton kogi. Bayan damina mai kyau ruwan yakan yi ƙarfi, har a ji ƙararsa kafin a gan shi. Da rani ya yi nisa sai ya koma kamar zare, wata shekara ma ya ɗauke, tafkin kaɗai ya rage. Wanda ya saba da kogin Kwara a Yamai zai ce wannan ai ba kome ba ne. Amma kai da ka san Arlit, ka san abin da idonka ya gani.

Daga ina ruwan yake?

Zauna bisa dutse ka huta, mu yi wannan tambaya. Ruwan sama a Abzin kaɗan ne. Yakan zo tsakanin Yuli da Satumba, kuma a wurare da yawa abin da ake samu a shekara bai kai milimita 100 ba. Da a fili yake sauka, da rana ta shanye shi nan take. Amma bisa dutse yake sauka, dutse kuwa ba ya shan ruwa. Sai ya gangaro daga ko'ina ya taru a kwari ɗaya. Ƙorama ta cika, ta yi gudu na ƴan awoyi ko ƴan kwanaki, sa'an nan ta ƙafe.

Ƙafewar nan ba tafiya ba ce. Ruwan ya nutse ne cikin rairayin da ka tako, ƙarƙashin rairayin kuma akwai dutse mai tauri da ke tare shi kamar gindin randa. Rairayin ya zama murfi, rana ba ta kai gare shi. Shi ne masu garake ke tararwa in sun haƙa rijiya. Inda kuwa dutsen ya taso ya datse kwarin, sai ruwan ya fito fili ya faɗo ƙasa. Ka ga ashe magangarar da rijiyoyin garake uwarsu ɗaya. In ka ga magangarar ta rame, to, rijiyoyin ma sun yi ƙasa.

Kai ma na Dannet kana da rabo a wannan ruwa na dutse. Ƙoramun da suka fuskanci yamma su ne ke malalowa cikin filayen da dabbobinku ke kiwo. In an yi ruwa a Abzin, ciyawa ta fito a gindinsa.

Waɗanda suka riga mu sha

Ba kullum ƙasar nan take hamada ba. Masu binciken tarihi sun nuna cewa shekaru dubu bakwai ko takwas da suka wuce akwai tafkuna da ciyawa a inda Tenere take yanzu. A shekarar 2000 an gano wata tsohuwar maƙabarta a wani wuri da ake kira Gobero, a bakin wani tafki da ya ƙafe tuntuni. An sami ƙasusuwan mutane tare da na kifi da kada da dorina. Kusa da kai ma akwai shaida. A Dabus, gefen hanyar Agadas zuwa Arlit, mutanen da sun sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse, babban ya fi mita 5. Mutum ba ya zana dabba dalla-dalla haka sai ya gan ta da idonsa.

Kimanin shekaru dubu biyar da suka wuce sai ruwan sama ya fara ja da baya. Tafkuna suka ƙafe, mutane da dabbobi suka watse. Waɗansu suka yi kudu. Waɗansu suka fake a cikin duwatsu, inda ruwa bai yanke ƙauna ba. Tun daga ran nan tarihin Abzin ya zama tarihin wanda ya riƙe kwari mai ruwa.

Hausawa suna cikin waɗanda suka riƙe. Gobirawa suna faɗa a tarihinsu cewa kakanninsu sun zauna a Abzin kafin su gangara kudu, har daga baya suka kafa Alƙalawa, bayanta kuma Tsibiri kusa da Maraɗi. Ƙabilun Abzinawa sun yi ta shigowa daga arewa rukuni-rukuni, har ƙasar ta koma hannunsu. A farkon ƙarni na 15 suka naɗa sarki guda wanda zai riƙa raba musu gardama, sarautar da ta zauna a Agadas har yau. Masallacin Agadas mai doguwar hasumiya an fara gina shi wajen 1515, aka sake gina hasumiyar a 1844.

Mutanen Timia ƴan ƙabilar Kel Ewey ne. Babban birnin wannan yanki a da shi ne Asode, wanda ka wuce in ta Iferwan ka biyo. Je ka gan shi yanzu. Ga bangayen gidaje na dutse, ga kufan babban masallaci, ba kowa sai iska. Timia kuwa, wadda ba ta taɓa kai shi suna ba, tana nan da mutanenta.

Ayarin gishiri

Ruwan kwari kaɗai ba ya ciyar da gari. Hatsin da ake nomawa a Abzin bai taɓa isar mutanensa ba, saboda haka tun da can suka ɗaura zumunci da ƙasar Hausa. Littafin Tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Yakubu, wanda ya yi sarauta daga 1452 zuwa 1463, Abzinawa suka zo Gobir, gishiri ya yawaita a ƙasar Hausa.

Ga yadda fataucin mutanen Timia yake. Bayan damina, wajen watan Oktoba, raƙuma sun ƙoshi, sai a yanki ciyawa a ɗaure dami-dami, a cika salkuna, a ɗora gero. Madugu ya shige gaba, ayari ya ratsa Tenere zuwa Bilma ko Fashi, tafiyar ɗaruruwan kilomita cikin rairayi, rijiya sai an yi kwanaki. Can a ba da gero a karɓi kantun gishiri da dabino. A komo gida a ɗan huta. Sa'an nan a yi kudu, Damargu, Damagaram, Tasawa, har Kano. A sayar da gishiri, raƙuma su yi kiwo a gonakin da aka girbe, su bar wa manomi taki. A sayi gero, a sayi baƙin turkuɗi na Kura don rawani. Kafin damina a komo Abzin.

Duk watannin nan mata ne ke riƙe da gida, su ne ke kiwon awaki a cikin kwaruruka, suna yin cuku. Masu garake kuma suna bakin rijiyoyinsu. Ka ga ƙafa uku ke nan, kamar murhu: raƙumi, akuya, garka. In ɗaya ta gurgunce, biyun su tallafa. Dukansu kuwa a ruwan kwarin nan suke sha. Motoci sun rage wa ayari kasuwa ƙwarai, amma mutanen Timia suna cikin waɗanda suka fi kowa daɗewa a kan wannan sana'a.

Zuwan Turawa

A shekarar 1850 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa Abdulkarim, ya shigo Abzin daga arewa tare da abokan tafiyarsa biyu. Suka sauka a Tintellust, arewa da Timia, wurin wani babban mutum na Kel Ewey mai suna Annur. Barth ya ziyarci Agadas a watan Oktoba na shekarar, daga baya ya bi ayarin gishiri zuwa kudu, ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851. Ya rubuta cewa ya tarar ana jin Hausa sosai a Abzin, da ita ake ciniki.

Bayan masu kallo sai masu bindiga. A 1899 rundunar Faransawa ta Foureau da Lamy ta ratsa ta Iferwan da Agadas, ba a daɗe ba kuma Faransa ta kafa bariki a Agadas. A watan Disamba na 1916 Kawsan ya zo da mayaƙansa, Sarkin Abzin Tagama ya goya masa baya, suka tsare sojan Faransa a barikinsu har watan Maris na 1917, lokacin da gudummawa ta iso daga Damagaram. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni. An kashe mutane da yawa, har da malamai a Agadas. An kwashe raƙuma. An tilasta wa mutanen duwatsu barin garuruwansu. Wani Bature ɗan Ingila, Francis Rodd, da ya zagaya Abzin a 1922, ya tarar da ƙauyuka da yawa ba kowa.

Da ƙura ta lafa sai mutane suka fara komowa. Ina suka koma? Inda ruwa yake kusa. Wanda ya rasa raƙumansa ya kama haƙar rijiya da shinge. Asode bai tashi ba, Timia ta tashi. A shekarun 1950 Faransawa suka gina wani ɗan bariki bisa tudun da ke kallon garin, ana ce masa Fort Massu. Ba su daɗe a ciki ba, don a ranar 3 ga Agusta 1960 Nijar ta sami mulkin kai. In ka hau tudun da maraice za ka ga garin da garakensa shimfiɗe ƙarƙashinka.

Fari

Manya a gidanku suna tune da farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985. Dabbobi sun mutu ba iyaka, makiyaya da yawa suka watse zuwa Agadas da Arlit, waɗansu har Aljeriya da Libiya. Wani malamin jami'a Bajamushe, Gerd Spittler, ya zauna da mutanen Timia shekara da shekaru, ya rubuta littafi a kan yadda suka yi ta fama da fari da yunwa daga 1900 zuwa 1985. Abin da ya nuna shi ne, ba zama suka yi suna jiran taimako ba. Sun san itatuwa da ciyayin da ake ci in hatsi ya ƙare, sun san inda za a kai raƙuma kudu su tsira, sun san yadda ake tsimi.

Bayan kowane fari garake sukan ƙaru, don wanda garkensa ya ƙare ba shi da abin kamawa sai ƙasa. Daga baya injin ban ruwa ya shigo, albasar Abzin ta sami kasuwa har ƙasashen bakin teku, lemun Timia ya yi suna a Agadas da Yamai. Wannan alheri ne. Amma ka tuna da randar nan ta ƙarƙashin rairayi. Raƙumi yana gajiya, inji ba ya gajiya. Abin da damina ta zuba shi ke nan, ba mai ƙara ko moɗa guda.

Ma'adinai uku

Yanzu bari mu ɗan bar bakin ruwan mu dubo wajenku, don a nan ne maganar ta shafe ka. Sau uku ƙasar nan tana ba da dukiyar cikin ƙasa wadda ta tara jama'a.

Na farko tagulla. A 1353 matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka a Takadda, yamma da Abzin, ya tarar da gari mai arziki, ana narka tagulla ana kai ta har Gobir da Barno. Yau kufansa ne a Azelik.

Na biyu kuza. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka buɗe haƙarta a Elmiki, a kan hanyar Timia, mutane suka taru. Kasuwarta ta faɗi, kamfani ya tashi.

Na uku yuraniyom. A 1957 Faransawa masu neman tagulla suka ci karo da shi, a Azelik ɗin nan dai. Aka kafa kamfanin SOMAIR a 1968, aka gina garin Arlit a fili fetal, aka fara fitar da ma'adinin a 1971. Aka kafa COMINAK a 1974, ta fara aiki a ramin Akuta a 1978, garin Akokan ya tashi. Aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit. Hausawa da Zabarmawa da Barebari da Abzinawa suka zo cin arziki. A ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe, bayan ta fitar da kimanin tan 75,000, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da ƴan kwangila. A Imuraren, nan kusa da ku, an aza harsashin aiki a 2009, aka dakatar a 2014, a watan Yuni na 2024 gwamnati ta karɓe lasisin daga kamfanin Orano na Faransa. A watan Yuni na 2025 kuma ta mai da SOMAIR mallakar ƙasa.

Ba muna raina ma'adini ba ne. Ya ciyar da gidaje, ya sa yara makaranta. Amma ko a hannun wa yake, halinsa ɗaya: abin da aka ɗebe ba ya komowa. Ruwan da Arlit ke sha ma tsohon ruwa ne na can ƙarƙashin ƙasa, wanda ya taru tun zamanin da hamada take da tafkuna. Ruwan Timia kuwa kowace damina sai an sake zuba shi. Ya ga tashin Takadda da faɗuwarta, ya ga na Elmiki, ya ga na Akuta.

Gandun daji da yaƙi

Ba mutum kaɗai ya fake a duwatsun nan ba. Akwai ragon dutse, da barewa iri-iri, da birai waɗanda danginsu ke can kudu nesa, an bar su a nan tun lokacin da hamada ta raba su. Akwai zaitun na jeji a kan manyan duwatsu, da dangin gero da dawa waɗanda ba wanda ya shuka. A cikin Tenere kuma akwai wata farar dabba mai murɗaɗɗen ƙaho, masana na ce mata adaks, wadda ta kusa ƙarewa a duniya.

Da motoci da bindigogi suka yawaita sai namun suka fara ƙarewa. Saboda haka a watan Janairu na 1988 gwamnati ta kafa gandun daji na Abzin da Tenere, mai faɗin eka ta Faransa, wato hekta, 7,736,000. Yana cikin mafi girma a Afirka. A tsakiyarsa aka keɓe wani yanki don adaks kaɗai. Timia tana maƙwabtaka da gandun, wani sashe na ƙasarta ma yana ciki. Ba a kori kowa ba. An bar makiyayi da mai garka a wurarensu, aka hana farauta da saran itace barkatai. A 1991 hukumar UNESCO ta sa gandun cikin wuraren gadon duniya.

A shekarun nan baƙi masu yawon buɗe ido sun yi ta zuwa daga Turai lokacin ɗari. Direbobi da ƴan jagora da maƙeran azurfa da mata masu aikin fata duk sun samu. Kusan duk motar da ta shiga Abzin sai ta tsaya a magangarar Timia.

Sai yaƙi ya zo. Tawayen farko ya ɓarke a farkon shekarun 1990. A 1992 aka kama waɗansu ma'aikatan gandun, aiki ya tsaya, a shekarar kuma UNESCO ta mai da shi cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. Har zuwa 2025 ba a cire shi ba. Jiminar Abzin, wadda ta tsira daga fari, ba ta tsira daga harsashi ba, ta ƙare a jejin. An sa hannu a kan sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, baƙi suka fara komowa. A watan Fabrairu na 2007 aka kai hari Iferwan, tawaye na biyu ya tashi, aka binne nakiyoyi a hanyoyi, sai 2009 aka ajiye makamai. A watan Satumba na 2010 aka sace baƙi bakwai a Arlit. Daga nan ƙafar baƙi ta ɗauke, ƴan jagora da yawa suka koma neman zinariya da aka gano a Jado da Cibarakaten a 2014.

To, ga tambaya. Da Bature ya daina zuwa, wurin ya daina kyau ne? Mutum ya taso daga Faransa ya biya kuɗin jirgi don ya ga ruwan nan, mu kuwa da muke kwana guda da shi, da yawanmu ba mu taɓa zuwa ba. Abin da ba ka sani ba, ba ka jin zafin lalacewarsa. Gani kuwa ya kori ji.

In ka tashi zuwa

Lokacin da ya fi shi ne daga Oktoba zuwa Fabrairu: ruwa bai janye ba, zafi ya sauka, lemu ya nuna. Ka riƙe bargo, don sanyin dare a duwatsu ba wasa ba ne. Kafin ka tashi ka tambayi hukuma da direbobin da suka saba da hanyar halin da take ciki, kada kuma ku tafi da mota guda in da hali. In ka isa ka fara gai da manyan gari, ka nemi ɗan gari ya raka ka, ka ba shi hakkinsa.

In damina ce, kada ka kwana a cikin ƙorama, kada ka ajiye mota a ciki, ko da sama tana garau. Ana iya yin ruwa a wani dutse can nesa, ba ka ji ba ka gani, sai dai ka ga ƙorama ta taho da itace da duwatsu. Mutanen Agadas ba su manta da ambaliyar Satumba 2009 ba.

A bakin tafkin, ka tuna dabbobi da mutane suna sha. Kada ka sa sabulu, kada ka wanke mota ko babur, kada ka bar leda ko kwalba. Kada ka rubuta sunanka a jikin dutse. Kada ka sari ɗanyen itace don dafa shayi, saiwarsa ce ke riƙe bakin ƙorama. Kada ka tsinki lemun mutum ta bisa shinge. Yi sallama ka saya, wataƙila ma ya ƙara maka kyauta.

Kuma ka tafi da yaro, ɗanka ko ƙanenka, wanda aka haifa a Arlit bai san ruwa ba sai a famfo. Ku taka rairayin nan tare, ka gaya masa akwai ruwa ƙarƙashin ƙafarsa. Ka nuna masa rijiya, ka nuna masa magangara, ka gaya masa uwarsu ɗaya. In kun komo, ku ba da labari a ajin yaƙi da jahilci, wanda ya iya rubutu ya rubuta abin da ya gani ya aiko mana.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.